Kukana Kan Dakta Gambo da Tsuntsayen Gonar Babanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Nazarin Halittu na jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi wa Farfesa barka da aiki, barka da fama da jama'a. Ya iyali, ya malamai, ya kuma haƙuri da mu ɗalibai? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Zulaihatu Habu, 'yar Haɗeja, ɗalibar ajin ƙarshe a sashenka. Mai yiwuwa sunan ba zai tuna maka kowa ba, amma idan na ce "yarinyar tsuntsaye", ko masu gadin ƙofar jami'a za su kwatanta maka ni. Bara ma ɗalibar ajin ƙarshe ce ni. Idan ba ka sa baki ba, baɗi ma da haka zan gabatar da kaina.

Na yi ta zarya ofishinka, kullum a ce kana taro. Ranar da na yi dace na tare ka a bakin mota, ina ambata sunan malamin da ke duba kundin bincikena sai ka ce in gode wa Allah, ka ja ƙofa. Shi ya sa na kawo maganar fili. Kuma ba wani asiri zan tona ba, domin zancen nan ya daɗe da zama abin hira a unguwarmu da fadamarmu, har da kasuwar kifi.

Tun kafin in yi nisa, bari in wanke malamin nawa, Dakta Gambo, daga abin da mutane za su zata. Bai taɓa neman komai a hannuna ba. Bai taɓa yi mini maganar banza ba. Ba ya cikin malaman nan da ɗalibi zai yi ta sintiri a ƙofarsu har takalminsa ya cinye, kullum a ce masa sun yi tafiya. Ranar da aka rarraba mu ga malamai, ƙawayena da suka faɗa hannun irin waɗancan har hawaye suka yi, suka zo suna taya ni murna, wai ni ce mai sa'a. To, masu hawayen nan yau suna hidimar ƙasa, suna turo mini hotunansu cikin kaki. Ni mai sa'a ina fadama cikin takalmin roba, taɓo har gwiwa.

Laifin Dakta Gambo guda ɗaya ne, ranka ya daɗe: yana nan. Kullum yana nan. Ga bayanin yadda kasancewarsa ta zame mini abin kuka.

Na ɗaya, batun take.

Babanmu, Malam Habu, manomin shinkafa ne a fadamar da ke kan hanyar Kirikasamma. Tun ina ƙarama na san babu abin da ke hana manomin shinkafa sakat kamar jan-baki, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan da ke zuwa kamar hadari su bar gona kamar an yi mata aski. Don haka na kai wa Dakta take mai sauƙi: zan bi manoma da takardar tambayoyi, su gaya mini irin ɓarnar da tsuntsu ke yi musu, in tattara, in rubuta, in kare, in tafi. Haka kowa yake yi, kuma ba a taɓa kama kowa ba.

Dakta ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Zulaihatu, kin shirya tambayar manoma. To su tsuntsayen wa zai tambaye su?"

Na yi dariya don na ɗauka barkwanci ne. Shi bai yi ba. Kafin in fita daga ofishin, takena ya koma nazarin yadda jan-baki ke cin shinkafa: yaushe suke zuwa, ta ina suke farawa, wace iri suka fi so, kuma me ke sa su tashi. Na ce masa ai abin da ke sa su tashi ƙoshi ne. Ya ce madalla, in je in tabbatar.

Na biyu, batun gonar Baba.

Da shinkafa ta fara ɗaukar ciki, Dakta ya ce zai zo ya ga wurin aikin da idonsa. Na yi murna, domin ban taɓa jin malamin da ya bi ɗalibi gona ba. Baba ma ya ɗauki abin da girma. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, Innarmu ta yi tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Dakta ya iso kan tsohon babur ɗinsa, madubin hangen nesa rataye a wuya, ya ci tuwo ya yi santi, sannan ya roƙi wata 'yar alfarma. Ya ce a raba gonar da igiya. Gefe ɗaya a ci gaba da korar tsuntsu yadda aka saba. Ɗaya gefen kuwa, ɗan kaɗan, a bar shi: ba ihu, ba gwangwani, ba mutum-mutumi, don a gwada a ga bambanci.

Baba mutum ne mai kunya, ga baƙo ya ci tuwonsa ya yaba. Ya ce ai ilimi ya fi ƙarfin 'yan kunya biyu-uku na shinkafa. Aka ja igiya.

Ranka ya daɗe, kai masanin halittu ne, amma bari in tuna maka abin da ba mu tuna ba a ranar: jan-baki bai san igiya ba. Kwanakin farko sun tsaya inda aka ware musu, da ladabi, kamar baƙin da aka nuna wa tabarma. Daga nan labari ya bazu a cikinsu cewa akwai wani bawan Allah a fadamar Haɗeja da ya buɗe gidan abinci kyauta. Suka zo da 'ya'ya da jikoki da surukai. Da suka share nasu gefen, suka tsallaka na Baba. Da Baba ya taso da ihu yana jan igiyar gwangwanaye, sai Dakta, wanda ke tsugune a bayan kunya da madubi a ido, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam Habu, a hankali don Allah, kana firgita mana bayanai."

A gonarsa. Shinkafarsa.

Bayanan nan namu ba su tsaya a gonarmu ba, suka leƙa ta maƙwabta. Maƙwabta suka kai ƙara wurin Bulama, cewa Malam Habu yana kiwon jan-baki. Aka kira mu bayan sallar azahar, ni da Baba da Dakta, ga masu ƙara sun cika ƙofar gida fuska a murtuke. Bulama ya ba Dakta dama ya yi bayani a taƙaice. Wannan shi ne kuskuren Bulama. Dakta ya faro daga yadda jan-baki ke saƙa sheƙa, ya bi ta yadda suke ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, ya zana taswira a ƙasa da sandar wani dattijo. Masu ƙara suka fara gyangyaɗi. Wasu suka tuna sun bar tsuntsu a gona suka sulale. Har ladan ya kira la'asar bai iso kan maganar igiya ba. Bulama ya miƙe ya ce an ɗage zama sai wani jiƙon, kuma har yau idan ya hango babur ɗin Dakta sai ya shige gida.

A shekarar, Innarmu, wadda sana'arta gumi ce, kuma duk unguwa an san shinkafar mijinta take turarawa, sai da ta je kasuwa sayen ta wasu. Matan unguwa suka yi ta yi mata jaje da murmushi a gefen baki.

Na uku, batun ƙidaya da abin da ya biyo baya.

Dakta ya ce in riƙa ƙidaya tsuntsayen da ke sauka. Ina roƙon Farfesa ya taɓa zuwa fadama da hantsi ya ga garken jan-baki, sannan ya gaya mini ta inda ake farawa. Ya koya mini dabarar ƙiyasi, na iya, na yi ta yi har idona ya koma ganin ɗigo-ɗigo ko a cikin kwanon abinci. Duk adadin da na kawo masa sai ya ce, "Kin tabbata?" Idan na ce na tabbata, ya ce mai bincike ba ya cika baki. Idan na ce ban tabbata ba, ya ce to me ya kawo ni.

Duk da haka na haɗa babi na huɗu, na kai masa, ya ce ya yi kyau. Wallahi da bakinsa ya faɗa. Saura kawai, in ji shi, mu leƙa dausayin Baturiya mu ga inda tsuntsayen ke komawa da yamma, don cike ɗan gurbi. Muka je, muka shiga kwale-kwale. Mai fito ya roƙe shi ya zauna, ya zauna. Muna kusantar wani dajin kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, sai ga garken ya taho yana zuba cikinta kamar ana juye buhu. Dakta ya manta a kan ruwa yake. Ya miƙe tsaye zumbur. Kwale-kwale ya karkata, sai ji muka yi tsundum.

Na ƙwalla salati. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne. Abin da ya fara fitowa hannunsa ne, riƙe da madubi a sama kada ya jiƙe, sannan kansa, ba hula, ganyen kacala a kunne. Ya buɗe baki, na ɗauka kalmar shahada zai yi, sai ya ce, "Zulaihatu, rubuta! A nan suke kwana!"

Hularsa ta bi ruwa, babina na huɗu ya bi bayanta. Tun muna cikin jirgin, yana ɗigar ruwa yana rawar ɗari, ya yanke cewa ba za a fahimci tsuntsu ba sai an fahimci kacala. Babin ya haifi tagwaye. Ni da na shiga jami'a da niyyar in samu aikin ofis mai fanka, na wayi gari ina auna tsawon ciyawa da sauro a wuya.

Na huɗu, batun jan biro.

Kowane malami yana gyara, na sani, kuma ban ƙi gyara ba. Amma Dakta Gambo yana gyara gyaransa. Akwai wata jimla da ya soke mini, ya rubuta tasa a gefen takarda. Na kwafe ta harafi da harafi, na mayar masa. Ya zagaye ta da ja, ya rubuta a ƙasa, "Wa ya koya miki wannan shirme?" Na ɗauko tsohuwar takardar na nuna masa rubutun hannunsa, cikin ladabi. Na zaci zai ji kunya. Sai ya yi murna, ya ce alhamdu lillahi, wannan alama ce ta cewa ya ƙaru daga wancan watan zuwa yanzu, kuma yana fata ni ma haka. Ya soke ta, ya rubuta wata sabuwa. Da na duba da kyau, tawa ce ta farko.

Mai shagon da ke buga mini takardu yanzu ba ya tambayar me na kawo. Yana hango ni zai ce, "Sannu da jinya."

Na biyar, kuma wannan ya fi ci mini rai: Dakta ya ƙwace mini gida.

Bayan abin da ya faru a gona, na sa rai Baba zai tsaya mini, ya ce ko dai a sallami 'yarsa ko a bar masa gonarsa. Da farko ya yi fushi, har ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Amma Dakta ya ci gaba da zuwa kowace Asabar, wai don ya sauƙaƙa mini kuɗin mota. Yakan zauna a zaure shi da Baba, su sha shayi, su yi hirar ambaliya da taki da ciwon gwiwa. Sannu a hankali Baba, wanda duk rayuwarsa bai san jan-baki da wani suna ba sai "la'anannu", ya fara leƙa madubin Dakta. Ran nan na ji shi yana gaya wa wani maƙwabci cewa namijin ne ke saƙa sheƙa, macen ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ta ƙi shiga. Yana faɗa yana dariya kamar labarin ɗan'uwa.

Yanzu a zauren gidanmu ake duba kundina. Dakta ya karanta da ƙarfi, ni ina durƙushe a gefe, Baba yana gyaɗa kai, shi da ko gaisuwar Turanci ba ya ji. Idan Dakta ya dakata ya ɗaga biro, sai Baba ya juyo ya ce, "Zulai, ni ma na ji wurin nan bai zauna ba." Innarmu kuwa, duk da haushin shinkafarta, ta san Dakta ba ya cin yaji, ta san yana son ƙanzo, har kwano ta ware masa. Idan 'yan'uwa suka zo gaisuwa, bayan sun tambayi gida da gajiya, sai su sassauta murya su ce, "Ya jikin babi na huɗu?"

Na shida, batun ranar kare kundi.

Da lokaci ya matso bara, 'yan ajinmu suka ɗinke kundayensu da baƙin bango, ni ma na kai nawa don a sa hannu. Dakta ya shafa bangon, ya juya shafuka. Sannan ya ce aikin nan ya fi ƙarfin a yi masa gaggawa. Wai damina ɗaya ba ta isa hujja ba, ko a gaban alƙali shaidu biyu ake nema. Na yi kuka a ofishinsa. Ya ba ni hankici, ya saya mini lemo, ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da adaidaita, amma hannu bai sa ba.

Na haƙura na ƙara damina. Baba da kansa ya ja igiya, har ya ɗan faɗaɗa gefen tsuntsaye ba tare da an roƙe shi ba. Na ƙidaya, na auna, na rubuta. Sai sakamakon damina ta biyu ya ɗan saɓa wa na farko, domin ruwa ya yi yawa, kacala ta ƙaru. Na shiga tsoro. Dakta kuwa fuskarsa ta haskaka kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya ce shaidu biyu sun saɓa, dole a nemo na uku ya raba gardama.

Ranka ya daɗe, ga damina ta kawo kai. Makon jiya na ji Baba da Dakta a zaure suna shawarar a bar wa tsuntsaye rabin gonar bana, don bayanai su yi kauri. Inna ma ta ji. Sai ta sauke akwatinta daga kan sif ta karkaɗe shi a tsakar gida, inda kowa zai gani. Don haka maganar nan ta wuce digirina. Zaman gidanmu ne a hannunka.

To, ina tsoron Allah, kuma ba zan rufe wannan takarda ban faɗi ɗaya gefen ba. Lokacin da na shiga hannun Dakta, ban iya rubuta shafi guda ba sai na kwaso na wani daga waya. Ya gane tun ranar farko, bai tona ni ba, bai zage ni ba. Ya ajiye takardar a gefe ya ce in gaya masa da baki abin da idona ya gani a gona. Na faɗa. Ya ce, "To rubuta wannan. Naki ne, ba mai ƙwace miki." Yau ko a gaban wa aka tsayar da ni zan yi bayanin aikina ba tare da na kalli takarda ba, kuma manoman da suka kai mu ƙara su ne yanzu suke tare ni a hanya suna tambayar wane lokaci ya fi dacewa su yi shuka tare, don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai tsuntsu ya taru a kanta.

Kuma a damina ta biyu, daidai lokacin da shinkafa ta fara nono, zazzaɓi ya kwantar da Baba. Ba wanda ya aika wa Dakta. Ya zo da kansa, ya naɗe ƙafar wando, ya hau rumfar tsaro ta gefen da ake kora, ya yini yana jan igiyar gwangwanaye a rana, dattijo mai furfura. Na je kai masa ruwa na tarar yana kora yana ba su haƙuri: "Ku yi haƙuri, ku koma can gefenku, nan na Malam Habu ne." Kwana da kwanaki yana haka har Baba ya miƙe. Wanda ya yi maka wannan, da wane baki za ka kai ƙararsa? Shi ya sa na daɗe ina haɗiye maganar.

Abin da ya sa na fasa haɗiyewa shi ne zuwan maiɗakinsa. Wata Asabar, Dakta yana zaure da Baba, sai ga adaidaita ta sauke wata dattijuwa mai fara'a. Ta yi sallama ta wuce cikin gida, ta ce ita ce Hajiyar Dakta, ta zo ta ga gidan da mijinta ya tare. Ita da Inna suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Bayan ta sha ruwa ta kira ni, ta kama hannuna, ta ce, "'Yata, aikinki ya daɗe da gamuwa. A gida ba shi da zance sai naki, ya ce bai taɓa samun ɗalibi kamarki ba. Amma ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, kuma ke ce ta ƙarshe. Ya ce mini ranar da ya sa hannun nan, ya zama wani tsoho kawai mai leƙen tsuntsaye."

Can Hajiya ta nisa ta ce ita kanta tana tsoron ranar, domin in ya rasa kundin dubawa ita zai koma wa, kuma ya riga ya fara: shekaranjiya ya ɗanɗana miyarta ta kuka, wadda yake sha tun suna amarci, ya ce ta yi kyau ƙwarai, sai dai akwai 'yan gyare-gyare.

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Na tausaya masa matuƙa. Amma ranka ya daɗe, ni ba fansho ba ce. Ina da tawa rayuwar da ke jira, Inna tana da tukunyar guminta, kuma shinkafar Baba ba ta ci bashin kowa ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da nake roƙo.

A sa mini ranar kare kundi kafin shinkafar bana ta fitar da kai. A kira Dakta ofishinka ya sa hannu a gabanka, da baƙin biro, kuma a tabbatar babu ja a aljihunsa, domin yakan ɗauki biyu.

Sashe ya yanke iyakar damina nawa kundin digirin farko zai iya ci. Kun yi doka a kan malamin da ba ya zuwa. Ku yi wata 'yar ƙarama a kan wanda ba ya tafiya.

Kada a hukunta shi, kada a rubuta masa takardar gargaɗi, kada ko a ɗaga masa murya a kan wannan wasiƙa. Wanda ya taɓa shi, da ni da Baba zai yi, kuma ina kyautata zaton har da Inna.

Babban roƙona shi ne na ƙarshe. Kada ku bar mutumin nan ya tafi gida ya zauna. Na san doka ce, shekaru sun cika, amma na ga ana riƙe wasu bayan ritaya su ci gaba da koyarwa. Akwai ɗalibai a sashenka da ke kwana da tashi ba su ga idon mai duba aikinsu ba, ga kuma malami da ke neman wanda zai duba kamar mai neman ruwa a rani. Ku haɗa su. Ku ba shi da yawa, goma ko fiye, yadda ƙaunar za ta rarrabu kowa ya samu daidai cikinsa, domin ni kaɗai ta yi mini yawa. Sai dai a bincika tukuna, a zaɓo 'ya'yan 'yan kasuwa da teloli da ma'aikata, waɗanda iyayensu ba su da ko taƙi ɗaya a fadama. Kuma ranar da zai sa mini hannu, ina roƙon Farfesa ya miƙe tsaye a gaban malamai ya gaya masa cewa ya yi aiki, an gani, an gode. Ni na sha gwadawa, amma duk lokacin da na buɗe baki kafin in furta komai sai ya ɗauka tambaya zan yi a kan kacala.

Ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan sashe, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin ɗaliba da malamin da take ƙauna kamar uba. Allah ya raya maka zuriya, ya kare gonarka idan kana da ita. Allah ya ba Dakta Gambo lafiya da tsawon rai, ya saka masa da gidan Aljanna. Allah ya azurta jami'armu da ɗalibai masu haƙurin koyo, da malaman da suka san cewa sallamar ɗalibi ita ma darasi ce.

Wassalam.

Ɗalibarka mai biyayya,
Zulaihatu Habu,
Haɗeja.